Birkin hannu: a fara gyara daga taya, a ƙare a waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota, daga Yamai har Damagaram, ya san abin da za mu faɗa. Mota za ta shigo, tun ba ta gama tsayawa ba yaron mota ya diro, ya ruga ya ɗauko dutse ko guntun icce ya tokare tayar baya. Sai direba ya ji taya ta zauna a kan dutsen sannan ya ɗage ƙafarsa daga birki. Mun saba ganin haka har ya daina ba mu mamaki. A motoci da yawa dutsen nan yana da wurin ajiyarsa na musamman, ƙarƙashin kujerar baya ko gefen tayar safiya, ana tafiya da shi gari-gari kamar fasinjan da ba ya biyan kuɗi. Shi kuwa birkin hannu, wanda aka yi domin wannan aiki, yana nan tsakanin kujeru, wani lokaci har an rataya masa tasbaha.

Mu kanmu ba mu ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da ta same mu a ƙofar gida. Muna da wata tsohuwar Toyota Corolla wadda birkin hannunta ya daɗe yana ja har sama. Sau biyu muna kai ta wani gareji, sau biyu wani yaro yana ɗauko kile ya ɗaure notin waya, mu biya mu tafi. Wata rana da la'asar muka tsayar da ita a kan gangaren siminti na bakin ƙofa, irin wanda kowa ke yi don kada ruwan damina ya shiga gida. Muka ja birki har ƙarshe, muka shiga ɗauko wata takarda ba tare da mun sa giya ba. Ba mu kai minti biyu a ciki ba muka ji ƙara. Mota ta sulale da baya, ta tsallaka lungu, ta daki bangon maƙwabci, daidai inuwar da yaran unguwa ke zama suna wasa kowace yamma. Ranar sun tafi makarantar allo. Fitila ɗaya ta fashe, bango ya tsage, Allah ya taƙaita. Da sun yi jinkirin tafiya ko na rabin awa ne, da ba wannan labari muke ba ku ba.

Bayan haka ne wani dattijon makanike ya cire tayoyin baya a gabanmu, ya buɗe tambur, ya nuna mana cewa ciwon bai taɓa zama a waya ba. Abin da muka gani a ranar, da abin da muka bi diddigi muka koya daga baya, shi ne muke so mu kawo muku.

Birki biyu ne a mota

Birkin ƙafa da mai yake aiki. Idan direba ya taka, man birki yana bin bututu ya je ya tura birkin tayoyi huɗu. Idan bututu ya fashe ko mai ya yoye, ƙafa sai ta nutse har ƙasa. Birkin hannu kuwa babu ruwansa da mai. Sanda ce mai haƙora, da waya ta ƙarfe. Wayar tana fita daga gindin sandar, ta bi ƙarƙashin mota har wani ɗan ƙarfe mai raba ja gida biyu daidai wa daida, daga nan wayoyi biyu su wuce, ɗaya tayar dama ɗaya tayar hagu. A cikin tambur, wato kwanon ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, akwai takalman birki biyu masu siffar rabin wata, waɗanda makanikai ke kira garnitir. Idan an ja waya, wani ɗan hannu yana buɗa takalman su manne da cikin tambur, taya ta kasa juyawa.

An raba su biyu ne da gangan. Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, wadda dokokin hanya na ƙasashe da yawa suka ɗauko tushe daga gare ta, ta tanadi cewa kowace mota ta kasance da birkin ajiyewa wanda ƙarfe zalla ke riƙe da shi, ba mai ba, ba iska ba. Dalili a fili yake. Mai yana iya tsiyaya a hankali cikin dare, iska tana iya sacewa, amma haƙorin ƙarfe yana nan inda aka bar shi har mai mota ya dawo.

Ga lissafin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Ƙaramar mota irin Corolla tana da nauyin da ya kai tan ɗaya. A gangaren da ƙasa ke sauka mita 1 cikin kowace mita 10, ƙarfin da ke jan motar ƙasa ya kai kimanin kilo 100, kamar buhun gero guda ne ke tura ta ba hutawa. Hiace cike da fasinja da kaya, mai tan 3, kilo 300 ke jan ta a wannan gangare. Ƙa'idar da ake ƙera ƙananan motoci a kanta a Turai ta ce birkin hannu ya riƙe mota da lodinta a gangaren kashi 20 cikin 100, wato saukar mita 1 cikin mita 5, ko gabanta na kallon sama ko na kallon ƙasa. A Amurka ma kashi 20 ɗin ne, na tsawon minti 5. Ke nan motar da ke yawo a titunanmu ta fito daga masana'anta tana iya tsayawa a gangare. Idan yau ba ta iya tsayawa a bakin ƙofar gida, wani abu ne ya lalace, kuma yana gyaruwa.

Kada a ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Wanda ya bi hanyar Keita ko Buza a cikin duwatsun Adar, ko ya sauka daga tudun Yamai zuwa bakin kogi, ko ya tsaya a wasu lungunan Birni a Damagaram, ya san muna da gangare. Kuma mota ba ta buƙatar tsauni kafin ta gudu. Gangaren bakin gida, ko na gidan mai, ko na wurin wankin mota ya ishe ta.

Abin da ke kashe shi

Na farko shi ne cinyewar takalma. Kullum ana taka birki, fatar takalmin tana raguwa, tazarar da ke tsakaninta da tambur tana ƙaruwa. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka sa wata kusa mai tauraro a tsakanin takalman, wadda ke juyawa haƙori ɗaya-ɗaya tana cike giɓin da kanta. To a nan ne ƙurarmu da ruwan damina ke shigowa. Ƙurar hunturu ta shiga, a bi ta cikin kwari da ruwa, laka ta bushe a ciki, tsatsa ta kama kusar, ta daina juyawa. Abin da dattijon ya nuna mana ke nan a tamu motar: tauraron ya ƙame kamar an yi masa walda.

Akwai wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. A ƙananan motocin Toyota masu tambur a baya, irin su Starlet da Corolla da suka cika aikin taksi a garuruwanmu, jan birkin hannu ne ke juya wannan tauraro. Wanda ya daina jan birkin hannu don wai kada ya lalace, shi ne ya hana birkin baya daidaita kansa. Sannu a hankali har birkin ƙafa zai fara nutsewa, a yi ta ƙara mai ana fitar da iska a banza.

Na biyu ita ce wayar. Tana ɗan miƙewa da shekaru, amma ba kamar yadda ake zato ba. Abin da ya fi samun ta shi ne ƙamewa a cikin rigarta. Yawancin motocinmu sun yi shekara goma ko fiye a Turai kafin su iso mana ta tashoshin ruwan Kwatano ko Lome, kuma a can gishiri ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarƙashin mota. Idan robar da ke rufe wayar ta tsage, tsatsa ta shiga, sai wayar gefe ɗaya ta riƙe. Direba zai ji sanda ta yi tauri ya ɗauka birkinsa na da ƙarfi, alhali ƙarfin hannunsa a cikin tsatsa yake ƙarewa, bai kai taya ba.

Na uku shi ne mai. Idan ƙaramar silindar birki da ke cikin tambur ta fara yoyo, ko robar da ke tare man aksul ta mutu a motoci irin su Hilux, Hiace da bashe, mai zai jiƙa takalman. Takalmin da ya sha mai ya gama aiki. Ana wanke shi da fetur, wasu har su ƙona shi da wuta, amma da zarar ya ɗauki zafi man da ya shige ciki zai sake tsattsafowa.

Na huɗu, tambur kansa yana cinyewa ya ƙara faɗi. Kowane tambur yana da iyakar faɗinsa a rubuce a jikinsa. A Corolla da yawa sabo milimita 200 ne, iyakarsa 201. Milimita ɗaya ke nan tak tsakanin lafiyayye da wanda za a jefar. Na ƙarshe kuma, haƙoran sandar suna iya lashewa, har ta riƙa suɓucewa da kanta idan aka rufe ƙofa da ƙarfi.

Kuskuren ɗaure noti

A gindin sandar birki, ko a ƙarƙashin mota inda waya ta rabu biyu, akwai noti. Shi ne kowa ke rugawa ya ɗaure, domin aikin minti biyar ne kuma ba sai an cire taya ba. Sanda za ta daina zuwa sama, mai mota ya ji daɗi ya biya. Amma me aka yi a zahiri? An ja ɗan hannun da ke cikin tambur ya bar mazauninsa tun kafin a taɓa birki. Rabin tafiyarsa ta ƙare a banza, ya karkace daga kusurwar da yake da ƙarfi, kuma a wasu motocin tauraron ba zai sake samun damar juyawa ba. Sanda ta yi gajarta, riƙon bai ƙaru ba. Wannan ne ya same mu har sau biyu.

Idan kuma aka zarce wajen ɗaurewa, sai takalma su riƙa gogar tambur ana cikin tafiya. Mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, tambur ya ɗauki zafi. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a kama doguwar hanya daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni da birki yana goga, giris ɗin rulma zai narke, fatar takalmin ta ƙone ta yi santsi kamar gilashi, man birki ma yana iya tafasa ƙafa ta nutse. An je gyaran birki ɗaya an lalata biyu.

Saboda haka ƙa'idar guda ce, kuma haka littattafan masu ƙera motoci suka tsara: a fara daidaita takalma a taya, sai an gama sannan a taɓa waya.

Yadda ake aikin

Ko kai za ka yi da hannunka, ko tsayawa za ka yi a kan makanike, ga yadda aikin ya kamata ya tafi a motar da ke da tambur a baya.

A nemi wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, ba rairayi ba. A sa giya ta ɗaya, a tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya. A sassauta notocin taya, a ɗaga bayan motar da kirik, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ko gungumen icce mai ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, yana iya rugujewa lokaci guda ba tare da gargaɗi ba. A tuna cewa birkin hannu a sake yake a duk tsawon aikin, don haka abin da aka tokare tayoyin gaba da shi ne kaɗai ke riƙe da motar.

A sauke sanda har ƙasa, a sassauta notin waya har wayar ta yi laushi. A cire taya, a cire tambur. Idan ya ƙi fita, a yawancin Toyota akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, ana ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8 a ciki bi da bi su turo shi waje. Wannan ya fi dukan guduma da ke fasa tambur.

Kada a hura ƙurar ciki da injin iska ko da baki. Tsofaffin takalma, da wasu masu araha, suna iya ƙunsar asbestos, wanda Faransa ta haramta tun 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005, saboda cutar huhu da kansar da yake jawowa bayan shekaru. Yaran gareji ne suka fi shaƙar wannan ƙura. A jiƙa tsumma a goge, ko a wanke da ruwa da omo a bari ya bushe.

Sai a duba. Idan fatar takalmin ta kusa milimita 1, iyakar da Toyota ta sa ke nan, a canza, kuma a canza na tayoyi biyu tare. A ɗaga robar bakin silinda a ga ko akwai danshi. Idan da mai, a fara toshe inda yake fitowa, in ba haka ba sabon takalmin ma zai jiƙe. A sa wani ya ja sanda a hankali ana kallo: ɗan hannun da ke cikin tambur ya motsa a kowane gefe, kuma ya koma mazauninsa da kansa idan an saki. Wayar da ta ƙi komawa, ko wadda zarenta ya fara tsinkewa, canza ta ake yi. Ɗaure ta da ƙulli ko haɗa ta da walda ajiye hatsari ne zuwa wata rana.

A kwance kusa mai tauraro, a wanke zarenta, a shafa ɗan giris mai jure zafi. A ɗan shafa kuma a wuraren da takalma ke gogar farantin baya. Kaɗan ake sawa, kada ko ɗigo ya taɓa fatar takalmin ko cikin tambur. A yi gefe ɗaya a gama kafin a kwance ɗayan, domin idan aka manta mazaunin wani sifirin a leƙa a gani.

Yanzu sai daidaitawa. A mayar da tambur, a buɗe ɗan marfin roba da ke bayan farantin, a sa turnabis a juya tauraron haƙori-haƙori ana juya tambur da hannu, har a ji ya fara kamawa. A taka birkin ƙafa sau uku ko huɗu don takalma su zauna a tsakiya. Sannan a koma baya kaɗan har tambur ya juya a sake, ana jin ɗan shafa kawai. Wajen komawa baya sai an sa wani siririn turnabis an ɗage harshen da ke riƙe tauraron, idan aka tilasta shi haƙoran za su lashe. Tazarar da littafin Toyota ke nema tsakanin takalma da tambur milimita 0,6 ce, ba ta kai kaurin farce biyu ba. A yi wa ɗaya gefen haka.

Sai yanzu ne ake zuwa wurin noti. Sau da yawa za a tarar sanda ta riga ta dawo daidai tun ba a taɓa shi ba. Idan da saura, a ɗaure kaɗan-kaɗan ana ja ana ƙirga ƙarar haƙora. Kowace mota da adadinta. A Corolla ta shekarun 1990 mai tambur, haƙora 4 zuwa 7 ne idan aka ja da ƙarfin kilo 20. A Land Cruiser 80, 7 zuwa 9. A tsohuwar Hilux mai sandar da ake jawowa daga ƙarƙashin sitiyari, adadin ya haura 10, don haka kada a ɗaure ta a ce sai ta tsaya a biyar. Idan an samu adadin, a ƙulle da noti na biyu don kada girgizar hanya ta kwance shi.

Ba duka motoci ne iri ɗaya ba

Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, misali ce mai kyau. Bashe da doguwar nan ta iyali tambur gare su a baya, aikinsu kamar yadda muka bayyana ne. Ƙaramar kuwa ta fito da faifai a tayoyi huɗu, kuma wayar birkin hannu tana jan wani ɗan hannu ne a jikin abin da ke matse faifan. Haka Golf masu faifai a baya suke. A irin waɗannan, ɗan hannun ne ke ƙamewa, kuma idan za a sa sabbin falaket, murɗa fistan ake yi ya koma ciki, ba a danna shi da ƙarfi. Suna da wata ɗabi'a kuma da ya kamata a sani. Faifan da ya yi zafi yana kumbura, idan ya huce ya koma. Motar da aka ja wa birki sama-sama bayan doguwar tafiya tana iya tsayawa lafiya, bayan minti goma ko ashirin ta fara sulalewa babu kowa a ciki.

Mercedes 190 da ƴan uwanta, da Land Cruiser masu faifai a baya, suna da wani ƙaramin tambur ɓoye a tsakiyar faifan, da ƙananan takalmansa na birkin ajiyewa kaɗai. Waɗannan ba sa daidaita kansu, da hannu ake yi musu. A Mercedes ta ramin kusar taya ake zura turnabis. A Land Cruiser ana juya tauraron har faifai ya ƙame, sannan a koma baya haƙora 8.

Land Rover da tsohuwar Land Cruiser 40 kuma, tamburinsu ba a taya yake ba, yana bayan akwatin giya ne, yana riƙe sandar da ke kai gudu zuwa tayoyin baya. Riƙonsa da ƙarfi, amma idan aka ɗaga tayar baya ɗaya da kirik motar tana iya gangarawa duk da an ja birki, domin tayar da ke sama za ta juya a banza ta saki ɗayar. Kuma ba a jan sa mota tana tafiya. Su kuwa motocin da ke da maɓallin lantarki a madadin sanda, waɗanda aka fara fitarwa wajen 2001, sai an sa su a yanayin gyara, sau da yawa da na'ura, kafin a taɓa birkin bayansu.

Gwaji kafin a biya

Tun mota tana sama, a saki sanda a juya kowace taya, su juya a sake. A ja haƙori biyu ko uku, dukansu su yi nauyi daidai da juna. A ja har adadin da ake so, kada ko ɗaya ta motsa. Jar fitilar birki da ke gaban direba ta kama tun daga haƙori na farko, ta mutu idan an sauke. Sannan a sauke mota, a ɗaure tayoyi, a nemi gangaren da babu mutane a ƙasansa. Direba yana zaune, ƙafarsa kusa da birki, ya ja sanda, ya cire giya, ya saki ƙafa ya jira. A juya motar a sake gwadawa ta ɗaya fuskar, domin tambur yakan fi riƙo ta wani ɓangare. Daga nan a yi tafiyar kilomita biyu ko uku ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusantar da hannu ga tayoyin baya. Idan ɗaya tana hucin zafi, tana goga, a koma. Kada a karɓi makulli sai an yi wannan gwaji, makanike na gari ba zai ji haushi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Giya da dutse

Za a ce mana, ai muna barin mota a giya. Hakan yana da kyau, amma abin da ke riƙe mota a giya shi ne matsin iskar da ke cikin injin. Injin da ya tsufa matsinsa ya ragu, a gangare zai riƙa saki kaɗan-kaɗan, motar tana matsawa taku-taku. Ga kuma yaro da zai shiga wasa ya buge giyar. Masu mota otomatik su ma su sani cewa harafin P wani ɗan haƙori ne guda a cikin akwatin giya, bai wuce ɗan yatsa ba. A fara jan birkin hannu, nauyin motar ya zauna a kansa, sannan a sa P. A motar da ke da ƙaramar giya ta shiga rairayi, idan aka bar wannan ƙaramar a tsakiya, motar za ta gangara ko tana P.

Dutse kuma, sai wani ya sauka ya sa shi, kuma sai wani ya sunkuya ya cire shi. A wannan ɗan lokaci yaron mota yana bayan tan uku na ƙarfe da mutane, hannunsa a gindin taya. A rairayi dutse yana nutsewa, a siminti yana zamewa. Mu ba mu ce a jefar da shi ba. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya idan gaban mota na kallon sama, giyar baya idan yana kallon ƙasa, a karkata sitiyari wajen gefen hanya, sannan a ƙara da dutse idan lodi ya yi nauyi. Dutse ya zama na huɗu, kada ya zama shi kaɗai.

Akwai kuma ranar da ba a fata, ranar da za a taka birki ƙafa ta tafi har ƙasa. A wannan rana abin da ya rage wa direba shi ne ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya danne maɓallin kan sanda da babban yatsa, ya ja a hankali, yana sassautawa idan ya ji bayan motar zai juya. Ba zai tsayar da mota kamar birkin ƙafa ba, tayoyi biyu kawai yake riƙewa, amma yana iya rage gudun da zai bambanta jinya da jana'iza. Wanda wayarsa ta ƙame shekara uku ba shi da wannan dama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kiranmu ga shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi shi ne, kamar yadda ake duba taya da fitila kafin a ba mota layin lodi, a riƙa cewa direba ya ja birkin hannu ya cire giya a gani. Ba ya cin minti ɗaya. Ga masu gareji, ku koya wa yaranku buɗe tambur kafin su ɗauki kile su nufi noti. Ga iyaye, ku hana yara zama a inuwar mota, musamman ta gefen da ƙasa ta gangara. Ga mu masu tsofaffin motoci kuma, takardar bizit da ke cikin aljihu ba ita ke riƙe mota a gangare ba. Gobe da safe kafin ka tada inji, malam direba, ja sandar nan ka ƙirga haƙora. Idan ta kai ƙarshe ba ta yi tauri ba, ka san inda za ka fara zuwa.

Malamanmu suna yawan tuna mana cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Mu mun gyara bangon maƙwabci, mun sayi fitila, yaran unguwa kuma suna nan suna wasansu a inuwar nan kowace yamma. Allah ya kiyaye mu da ku a kan hanya da kuma a ƙofar gida, amin.